Sunan da Lantana Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, ya watsa tsibirai a tsakiyar teku, ya ba kowace al'umma harshenta da irin tata kunyar. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ne Ilu ɗan Barau, baduku, mutumin birnin Dutsen Kanwa, garin da babban ruwansa shi ne kududdufin bayan ganuwa, shi ma da rani ya tsaya sai ya koma filin wasan yara. A kan abin da zan gaya muku ni ganau ne, ba jiyau ba. Wanda ya ƙi yarda ya je ya tambayi matata, in ya ga za ta amsa masa.

Tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da son sani, har 'yan unguwa suka laƙaba mini Ilu Tambaya. Wata shekara wani falke ya zauna a rumfata ina gyara masa jaka, ya ba ni labarin Shuɗin Teku da tsibiran da ke cikinsa, inda babu sanyi babu fari, kwakwa na faɗowa ba mai ɗauka. Ya ce a can ƙarshensu akwai mutanen da ke jeme fatar kifi ta yi laushi har a ɗinka riga da ita. Ni da na ƙare rayuwata cikin fatar akuya, maganar nan ta hana ni sakat. Na koma gida na tarar da matata Lantana tana tankaɗe, na gyara murya na ce, "Uwar Kubura, shekara da shekaru muna aiki ba hutu. Ya kamata in kai ku yawon buɗe ido, yaran nan su ga duniya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, wace fata ce kuma aka ba ka labarinta?"

Haka Lantana take, tana ganin cikina kamar an zuba ruwa a ƙwarya. Amma ta yarda, don yara sun riga sun ji, gida ya kaure da murna.

'Ya'yanmu biyu ne, duka mata. Ƙaramar ita ce Kubura, auta, wadda Lantana ke kiran sunanta sau ɗari a wuni, ta yi mata kirari, ta goya ta ko da ƙafafunta sun kusa taɓa ƙasa. Babbar kuwa, wadda a lokacin ta fara zama budurwa, 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka raɗa mata, sai kunya ta zama biyu. Ni ba na iya faɗar sunan uwata, Lantana ba ta iya faɗar na surukarta, balle na 'yar fari. Gida da waje Uwani ake ce mata. Lantana kuwa ko Uwanin ba ta cewa. In za ta kira ta, "ke" ce. In za ta yi maganarta, "waccan" ce, ko "yarinyar nan". A garinmu wannan abin yabo ne, mata har misali suke yi da kunyar Lantana, ni kuma in na ji sai kaina ya yi girma.

Muka bi ayari muka yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta ƙare. Ranar da muka fara ganin teku Lantana ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce, "Wannan ruwa duka, ba murfi ba komai?" Ta damƙi hannun Kubura. Uwani kuwa ta tuɓe takalma ta ruga ta tsoma ƙafa, ta ɗanɗana, ta tofar, ta kwashe da dariya. Muka ɗauki hayar jirgi a wurin wani dattijo siriri mai suna Baba Maharazu, wanda ya san hanyoyin ruwa kamar yadda na san lungunan unguwarmu. Jirgin nasa ba a tuƙa shi da sanda. Manyan zannuwa ake ɗagawa a jikin dogon itace, iska ta cika su ta tura shi.

Kwanakin farko daɗinsu ba ya faɗuwa. Ruwan garau yake har kana hango yashin ƙasa, kifaye ja da rawaya suna kai-komo, wasu ma masu fukafukai suna tashi su faɗo mana cikin jirgi, Kubura tana tsince su tana ihu. Ni na addabi Baba Maharazu da tambaya har ya fara yin kamar barci yake. Lantana ta ɗaure Kubura da zane a jikinta, ta zauna a tsakiyar jirgi ta ƙi kallon hagu ko dama. Uwani ta koyi jan igiya da ɗauri irin na matuƙa jirgi, fuskarta ta yi fes, ban taɓa ganinta da sakin jiki haka ba.

Tsibirin da muka fara sauka ana ce masa Tsibirin Tuluna. Itatuwansa suna haifar 'ya'ya masu siffar tulu, har da wuya da baki, in ka fasa sai ka tarar da ruwa mai sanyi da zaƙi a ciki. Na fasa na leƙa, na ɗanɗani ɓawon, na tambayi mutanen wurin ko itacen ne ke sanyaya ruwan ko ruwan ne ke sanyaya itacen, suka dubi juna suka ce baƙon nan ya sha rana. Ina cikin haka na ga Lantana ta bi tulunan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, ta zaɓi wanda ya fi nuna, ta miƙa wa Kubura ta ce, "Kai wa waccan." Uwani ta karɓa ta yi wa ƙanwarta godiya, ba ta san wanda ya zaɓa ba.

Daga nan muka isa Tsibirin Yawo. Shi wannan tsibiri ba shi da gindi. Saiwoyin itatuwansa ne suka sarƙe da juna ƙasa ta taru a kai, yana yawo bisa ruwa da gidajensa da awakinsa da kasuwarsa. Mutanensa sukan ɗaure shi a jikin wani dutse da igiya mai kaurin cinyar sa, in ranar tashi ta yi su buga ganga su kwance. Bayansa kuma kullum akwai kififiyu manya, wato kunkurun ruwa, kowace ta kai girman bukka, suna binsa don 'ya'yan itacen da ke faɗowa ruwa.

Muna tsakiyar kasuwa aka buga ganga. Baba Maharazu ya ce mu yi maza, muka ruga muka faɗa jirgi. Tsibiri ya fara ja da baya. Lantana ce ta fara lura. Ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ba mu cika ba."

Can muka hango Uwani a bakin tsibirin, ta ba mu baya, ta shagala da kallon wasu mata masu saƙar taru. Na yi kira, amma muryata ta riga ta dishe saboda surutu. Lantana kuwa Allah ya ba ta murya, in ta kira Kubura daga ƙofar gida har mahauta a kasuwa sukan ji. Ta miƙe tsaye a cikin jirgin da take tsoro, ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke yarinya!" 'Yan matan tsibirin kusan duka suka waiwayo, ban da tamu.

Baba Maharazu ya ce ba za mu cim masa ba, don itatuwan tsibirin sun fi zannuwanmu kama iska. Nan sana'a ta yi mini rana. Ina da doguwar igiyar fata da na tufka da hannuna, na yi mata zarge, na jira wata ƙatuwar kififiya ta zo wucewa ta gefenmu tana sauri ta cim ma abincinta, na jefa ya faɗa a wuyanta. Sai ga jirginmu yana tsaga ruwa, Kubura na tafi, Baba Maharazu na addu'a. Ta ja mu har gindin tsibirin, Uwani ta diro, na kwance igiyata na yi wa kififiya godiya.

Da hankali ya kwanta Uwani ta zauna tana matse bakin zanenta. Ta ce a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba, "Na ji ana ta cewa ke, ke. Da sunana aka kira da na waiwayo."

Lantana ta ce, "Ke, rufe mini baki ki sha ruwa." Amma na ga ta ja bakin gyale ta goge ido. Uwani ba ta gani ba, kanta na ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki muka hango tsibirin da na baro gida dominsa. Tun daga nesa na ga fatun kifi a shanye bisa igiyoyi, kore da shuɗi da ruwan zinariya, suna ƙyalli a rana. Baba Maharazu ya ce, "Malam Ilu, wannan shi ne Tsibirin Kira. Akwai wata al'ada tasu da ya kamata ka ji kafin mu sauka." Na ce, "To, to, Baba," idona na kan fatu, kafin jirgi ya gama tsayawa na dira cikin ruwa har gwiwa. Iyalina suka biyo ni, shi kuma ya tsaya ɗaure jirgi.

A bakin gaɓa akwai wata tsohuwa zaune a gindin kwakwa, da sanda a hannunta da mutane kewaye da ita. Uwar Gaɓa suke ce mata, duk baƙon da ya sauka da yara sai ya tsaya gabanta. Tana jin harshenmu ta dalilin fatake. Bayan gaisuwa ta dubi Lantana ta ce, "Kira naki mu ji."

Lantana ta ɗauka wasa ne. Ta ce, "Kubura! Kubura auta, shalelen Innarta!"

Kubura ta ce, "Na'am!" Mutane suka tafa.

Tsohuwa ta nuna Uwani da sanda ta ce, "Wannan fa?"

Lantana ta sunkuyar da kai ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Na yi maza na ce, "Uwani ke nan, Iya."

Tsohuwa ta tambayi yarinyar, "Shi ne sunan da aka raɗa miki?"

Uwani ta ce, "A'a, Iya."

"To, wa zai kira ta da nata?"

Na yi dariya na ce, "Iya, a garinmu ba a yin haka." Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta juya ga Lantana ta ce, "Baiwar Allah, ke kika haife ta?" Duk wanda ya san matan garinmu ya san ba a yi wa uwa wannan tambaya a kan 'yar fari cikin taro. Lantana ta kau da kai, ta ce can ƙasa-ƙasa, "Ta kakarta ce."

Uwar Gaɓa ta daɗe tana kallon Uwani, fuskarta cike da tausayi. Sannan ta ɗaga sanda. Wasu mata suka fito da furanni suna waƙa, suka rataya wa Uwani a wuya, suka kama hannunta suka shige gari da ita. Ni da Lantana muka ce lalle mutanen nan sun iya karɓar baƙi. Lantana ta koma jirgi da Kubura, ni na nufi wurin majema.

Na tarar suna murza fatar da man kwakwa da tokar wata ciyawar ruwa, na tsuguna ina shafawa ina sunsunawa, na manta da duniya. Ina cikin tambaya ta goma sha wani abu Baba Maharazu ya dafa kafaɗata, yana haki. Ya ce, "Malam Ilu, kana nan kana shinshinar kifi, an karɓe 'yarka."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A zamanin da, in ji shi, jirage sukan zo tsibirin nan su sauke yaran da ba a so, su tafi su bar su a kan yashi. Mutanen tsibirin suka yi rantsuwa cewa duk yaron da ya taka ƙasarsu ba shi da mai kiransa da sunansa, nasu ne. Ba a dukansa, ba a bautar da shi, ba a kuma ba da shi ga kowa. Hanya ɗaya ce ta karɓo shi, wanda ya haife shi ya kira shi da sunansa na yanka gaban jama'a, shi kuma ya amsa don kansa. Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Kuma wa'adin shi ne juyawar iska. In ta juya an rufe magana har abada. Na ga alamarta, gobe da hantsi za ta juya."

Da yake ni mai dabara ne a ganina, sai na ciro wata jar fata mai kyau daga jakata, na zana sunan a kai da ajami, na kai wa Uwar Gaɓa. Ta juya ta, ta shafa, ta ce, "Fata mai kyau. Sai dai fata ba ta da murya." Na ce to in raɗa mata a kunne. Ta ce ba ita ce mai sunan ba. Na ce a garinmu rashin faɗar sunan shi ne girmamawa. Ta ce, "Na ji. Ita yarinyar ta san haka?" Na ce ta sani mana. Tsohuwa ta ce, "To me ya sa da aka kama hannunta ba ta waiwayo ba?"

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Na tashi na nufi gidan da ake ajiye 'ya'yan tsibiri.

Gida ne babba mai rumfunan ganyen kwakwa, cike da yara ƙosassu masu fara'a. Tun daga ƙofa na ji abin da ya tsayar da ni cak. Sunan mahaifiyata ne ke yawo a bakin yara, wannan ta kira, waccan ta kira, don sun tambayi Uwani sunanta ta faɗa musu. Tana zaune a tsakiyarsu da furanni a wuya, ana koya mata saƙar taru, duk wadda ta kira ta sai ta amsa da sauri kamar mai ƙishirwa an miƙo mata ruwa. Na tsaya a gaban shaidu, na runtse ido, na nemi gafarar tsohuwata a zuci, na faɗi sunan.

Uwani ta taso ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Baba, na ji, na kuma san nauyin da ka ji kafin ka faɗa. Allah ya huci zuciyarka. Amma ba zan amsa ba tukuna."

Na ce, "Uwata, me ya yi zafi haka?"

Ta ce, "Kai kakan ce Uwani, kakan dube ni, kakan yi mini wasa. Inna fa? Ko a Tsibirin Yawo, da ruwa zai tafi da ni, ba ta iya ba. So nake in ji ko ta san sunan."

"In ba ta kira ba fa?"

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "A nan ma ana cin abinci, Baba."

Na juya na fita. Ban yi fushi da ita ba. Tsoro ne ya kama ni, don na san su biyun, kuma na san taurin kan ɗaya daga wurin ɗayar ya fito.

Da la'asar na tarar da Lantana a cikin jirgi tana ninke kayan Uwani, Kubura na barci a gefe. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce, "Malam, ni na ɗauki cikinta. Lokacin da ta yi baƙon dauro wa ya hana idonsa barci? Wa ke tsame mata tsoka daga miya tun tana rarrafe? Duk wannan bai isa ba, sai na tsaya gaban baƙi na zubar da mutuncina?"

Na ce, "Tsokar ta hannun Kubura take zuwa. Ita Kubura take yi wa godiya."

Ta ce, "Ni ma 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Mutuwa na yi?"

Ni Ilu Tambaya, a rayuwata na yi tambayoyin banza ba iyaka, amma ran nan na yi guda mai amfani. Na ce, "Ba ki taɓa so ta kira ba?"

Ruwa na ta bugun jikin jirgi. Can ta ce, "Ranar da za ta cika, kanta na bisa cinyata. Na ga ta buɗe baki, na kai kunnena. Sai ta ce, ke, ba ni ruwa." Lantana ta ɗauki zanen ta ci gaba da ninkewa. Ni kuwa ban san abin da ta yanke ba.

Gari ya waye, mutanen tsibiri suka cika bakin gaɓa. An tsayar da Uwani cikin sauran yara a kan wani tudun yashi, ruwa marar zurfi tsakaninmu da su. Uwar Gaɓa na zaune da sandarta. Baba Maharazu ya riga ya ɗaga zannuwan jirgi, yana kallonsu yana kallonmu. Lantana ta fito da gyale a fuska, ta tsaya a bakin ruwa. Ta buɗe baki, ta ce, "Ke..." sai ta tsaya. Jama'a suka yi gunaguni. Na ga kan Uwani ya sunkuya.

Zannuwan jirgi suka fara saki. Baba Maharazu ya ce, "Malam Ilu, iska na mutuwa."

Sai Lantana ta yaye gyalen daga fuskarta. Ta ja numfashi, ta saki muryar nan da mahautan garinmu suka sani.

"Suwaiba!"

Tsuntsayen da ke kan kwakwa suka tashi gaba ɗaya. Ni na sunkuyar da kai, hawaye na zubo mini, ban san ko na kunya ne ko na daɗi ba. Uwani kuwa ta sandare, baki buɗe, ta kasa ko motsi. Lantana ta zaci ƙi ta yi. Ta shiga ruwan da take tsoro har ya kai mata gwiwa, kuma da yake bakin ya riga ya buɗe, sai ya ƙi rufuwa.

"Suwaiba! Suwaiba 'yata! Ni na haife ki, ba kakarki ba! Ranar da aka miƙo mini ke na juya baya don mutane na kallo, da suka fita na ɗauke ki na yi ta sunsunar kanki! Ke kika fi duk 'yan matan unguwarmu kyau, na sani, ina ji ana faɗa ina yin kamar ban ji ba! In ba ki zo ba ni ma ba inda za ni, Malam ya tafi da jirginsa! Suwaiba!"

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Yarinyar da ta yi shekaru tana jiran wannan kira sai ta rufe fuska da hannu biyu ta ce, "Wayyo Inna, ya isa! Mutane na ji!" Ta faɗo cikin ruwa a guje, furanni na zuba daga wuyanta, ta zo ta sa tafin hannu ta toshe bakin uwarta. Lantana ta kama hannun ta riƙe gam.

Uwar Gaɓa ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ba ta amsa ba."

Uwani ta cusa fuska a kafaɗar uwarta ta ce, "Na'am."

Tsohuwa ta ce, "Kunnena ya tsufa, ban ji ba."

"Na'am, Inna!"

Jama'a suka ɗauki guɗa. Uwar Gaɓa ta goge ido da gefen mayafinta ta ce, "Taku ce. Ku yi maza, iska ba ta jiran kowa." Muka faɗa jirgi a jiƙe, ragowar iskar ta tura mu muka fita daga gaɓa da ƙyar.

Da tsibiri ya yi nisa sai jirgi ya yi tsit. Lantana ta zauna a kan tabarmarta tana kallon ruwan gabas, Uwani ta koma can ƙarshen jirgi tana kallon ruwan yamma, kowacce kunya ta hana ta duban 'yar'uwarta. Ni da Baba Maharazu muka shiga gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Kubura ta dubi wannan ta dubi waccan, ta rasa gane kan abin. Ta je ta ja zanen uwarta ta ce, "Inna, wace ce Suwaiba?"

Lantana ba ta juyo ba, idonta na kan ruwa. Ta ce, "'Yata ce." Sannan ta matsa gefe, ta bar wurin zaman mutum ɗaya a kan tabarmar.

A nan hikayata ta sauka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na ƙara gishiri ku ɗora wa teku. Allah ya jiƙan tsohuwata wadda na ambaci sunanta a gabanku yau, ya sa ta yafe mini.